Wuni guda a Marseille

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Yanzu muka dawo masauki. Ƙafafuna sun yi tsami, hannuna kuwa har yanzu ƙanshin tafarnuwa yake yi duk da na wanke shi sau biyu. Gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Mu goma sha huɗu muka fita, duk malaman Faransanci da muka zo kwas na wata ɗaya a garin Aix-en-Provence na ƙasar Faransa, tara daga Najeriya, biyar daga Nijar, sai malamarmu Bafaranshiya da ta yi mana jagora. Jirgin ƙasa bai kai awa ɗaya ba ya ajiye mu a tashar Saint-Charles. Kana fitowa sai ka ga garin a shimfiɗe a ƙasanka, ga matakala 104 da za ka sauka kafin ka taka titi. Hajiya ta Damagaram, wadda gwiwa ke damunta, sai da muka riƙe ta ni da wata ƙanwarmu, muna sauka tana salati.

Tsohuwar tashar ruwa muka fara nufa, wadda suke kira Vieux-Port. Jagorarmu ta ce a nan Girkawa suka ɗaure jiragensu wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya sa ake cewa Marseille ta girmi duk biranen Faransa. Ni dai ba tarihin ne ya tsayar da ni ba, masu kifi ne. Kowace safiya masunta na kafa tebura a bakin ruwan, kwale-kwalensu na ɗaure a bayansu, kifin wani ma yana motsi. Wata dattijuwa mai kaurin hannu tana ɓare wani jan kifi mai ƙaton kai, jikinsa duk ƙaya. Na tambaye ta sunansa, ta ce raskas. Ta ɗaga shi ta wutsiya ta nuna mini ƙayoyin bayansa, ta ce in kiyaye, suna da dafi. Wallahi da a kasuwar Yankaba ta Kano na gan shi ba zan taya ba. Ashe shi zan ci da rana.

Daga nan muka hau bas mai lamba 60 zuwa Notre-Dame de la Garde, cocin da ke kan dutse, wanda duk inda ka tsaya a garin kana hango shi. Tudun ya kai kimanin mita 150, a ƙolin hasumiyar kuma akwai mutum-mutumin Maryama mai ruwan zinariya, tsayinsa ya haura mita 11. Iskar da ke can sama, wadda suke kira mistral, ta fi ta hunturunmu ƙarfi, sai dai ba ta ɗauke da ƙura. Saboda ita ne aka soke tafiyar da muka so yi a jirgin ruwa zuwa tsibirin If, inda tsohon kurkuku yake. Sai hangensa muka yi, fari fat a tsakiyar Bahar Rum. Samarinmu kuwa filin ƙwallo na Vélodrome suka hango, nan take aka shiga musu kan shekarun da Taye Taiwo ya yi a nan, da kofin Turai na 1993 da Abedi Pele yana cikin waɗanda suka ɗaga.

Wasunmu suka tsaya a waje, wasu muka leƙa ciki. Ƙananan jiragen ruwa na katako ne rataye a sama, iyalan matuƙa da masunta suka kawo don godiya da dawowar nasu lafiya daga teku. Addininmu ba ɗaya ba, amma na san zuciyar macen da ta wuni tana kallon hanya.

Abin da ya fi taɓa ni a bangon waje yake. Ramukan harsashi ne, an bar su yadda suke. Ranar 25 ga Agusta 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Aljeriya da ke cikin rundunar Faransa suka hau wannan dutse suka ƙwace shi daga hannun Jamusawa. Na sa yatsa a cikin rami ɗaya. Baba Malam, dattijon tawagarmu, mutumin Maraɗi, yana tsaye kusa da ni. Ya ce, "Ɗiyata, rundunar da ta sauka gaɓar nan a watan, da yawansu 'yan Afirka ne, har da baƙar fata irinmu. Sunan Senegal aka laƙaba musu duka, amma daga ƙasashe da yawa aka kwaso su." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Da muka sauko sai maganar abinci ta raba kanmu. Abincin da garin ya yi suna da shi miyar kifi ce da ake kira buyabes, farashinta kuma a gidan da jagorarmu ta sani ya doshi yuro 60 kowane mutum. Wani malami ya buga lissafi a waya zuwa naira, ya ce shi kam a kai kasuwa. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san nauyin da ya baro a gida. Tara suka wuce unguwar Noailles neman kuskus, mu biyar muka tsaya. Ni tun daga Kano na ware kuɗin, na ce ko tsaraba za ta ragu sai na ɗanɗana.

Kafin mu zauna na roƙi jagorarmu ta tambaya ko ana zuba giya a romon, don na ji wasu na yi. Mai girkin da kansa ya fito yana goge hannu, ya ce tasa babu, ya lissafa mana abin da ke ciki: kifi, albasa, tumatir, tafarnuwa, man zaitun, wani ganye mai ƙanshi da za'afaran. Sannan hankalina ya kwanta.

Ba a haɗe ake kawo ta ba. Da farko an zo da kifayen a tire aka nuna mana, iri huɗu, har da jan nan mai ƙaya. Sai aka kawo romon shi kaɗai, ja-ja mai kauri, yana tururi, da gasasshen burodi yanka-yanka, da ƙwayar tafarnuwa ɗanya, da wani kirim mai launin tsatsa da suke kira ruy, wanda aka kirɓa da tafarnuwa da barkono da man zaitun. Za ka goga tafarnuwar a jikin burodin, ka shafa kirim ɗin, ka jefa cikin romon ya jiƙa. Cokalin farko na yi shiru. Ba yaji ne ke jan ragama ba kamar a farfesunmu, ɗanɗanon kifin ne kansa, wanda aka dafa ƙashinsa da kansa har suka narke aka tace. Hajiya ta zaro ƙullin yajinta daga jaka, na ce, "Hajiya, don Allah ki fara ci haka nan tukuna." Ta kurɓa sau biyu, ta mayar da ƙullin. Bayan mun shanye aka kawo naman kifin, an cire ƙaya a gabanmu, da dankalin Turawa da ya sha romon har ya zama rawaya.

Mai girkin ya ce asalinta abincin masunta ne. Kifin da bai sayu ba, mai ƙaya, wanda masu kuɗi ba sa kallo, shi suke haɗawa a tukunya ɗaya su ci da iyalansu. Wannan ya tsaya mini a rai. Na ji daɗin miyar ƙwarai, amma ina ta tunanin dattijuwar nan ta safe, ko sau nawa a shekara take iya zama a teburi irin namu. Haka muka ga ana yi wa wasu abincinmu na gida, da zarar sun shiga manyan otal sai su fi ƙarfin waɗanda suka ƙirƙiro su.

Muka tarar da sauran a Noailles. Nan kam sai ka rantse ba a Turai kake ba: mahauta na halal, tulin dabino, kuɓewa, rogo, attaruhu, kanumfari da citta a buhu, Larabci da harshen mutanen Komoros da Wolof suna tashi ta ko'ina. Muka yi sallah a wani ƙaramin masallaci a lungu, muka haɗa azahar da la'asar. Wata malama ta ajiye mini fanis a takarda, soyayyen ƙullun wani wake ne da Larabawa ke kira hummus, an yanka shi kamar awara. Ya huce, amma da gishiri kaɗan ya yi daɗi. Unguwar Panier da gidan tarihi na Mucem, wanda aka buɗe a 2013, wucewa kawai muka yi, ƙafa ta riga ta gaji.

Tsayawarmu ta ƙarshe shagon sabulu ce. Sabulun Marseille dunƙule ne mai kusurwa huɗu, an buga masa hatimin kashi 72 cikin ɗari na mai. Tun 1688, zamanin Sarki Louis na 14, aka kafa dokar yadda za a yi shi da man zaitun. Mai shagon ta ce daga baya, a ƙarni na 19, zaitun ya kasa, sai masana'antun garin suka koma ga man gyaɗa da manja da na kwakwa, jiragen ruwa na sauke su daga Afirka ta Yamma da wasu wurare. Da ta ambaci gyaɗa sai Baba Malam ya ɗauki dunƙule ɗaya fari yana juyawa a hannu. Ya ce mahaifinsa ya yi shekaru yana noman gujiya, haka suke ce wa gyaɗa a can, yana kai wa kanti a Maraɗi, a auna a ba shi abin da aka ga dama. Daga nan a loda ta zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai ta Ikko, sai teku. "Kullum yana cewa Faransa ake kai ta," in ji shi, "amma har ya rasu bai san me suke yi da ita ba." Ya sayi guda uku. Ni na sayi biyu, kore ɗaya na Inna, fari ɗaya nawa.

A jirgin dawowa kusan kowa ya yi barci. Na buɗe ledar nabet da na saya, biskit ne mai siffar kwale-kwale da ƙanshin furen lemo, na miƙa wa Baba Malam ɗaya. Ya gwada da haƙori ya ce, "Ɗiyata, wannan sai da shayi." Na ajiye sauran don karin kumallo. Gobe Lahadi babu aji, zan kira Inna bayan sallar asuba, kafin ta fita gidan suna.