Autanmu a jikin dutse

Yau bayan la'asar muna zaune a tsakar gida a nan Yamai, sai ga bidiyo daga autanmu da ke karatu a Grenoble ta Faransa. Wai ya hau via ferrata ta dutsen Bastille, hanyar nan da ake kafa matakan ƙarfe da igiyar waya a jikin dutse. Gajeriya ce, amma a miƙe take kamar bango, ga kogin Isère can ƙasa. Inna ta karɓe wayar daga hannuna, tun daga nan salati kawai take yi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai wuri ɗaya ne. Igiya biyu ce ɗaure a ƙugunsa, kowace da maƙalinta. In ya iso inda aka kafe igiyar wayar da ƙusa, dole ya cire ɗaya ya maƙala a gaba, sannan ya cire ta biyun, ba a sakin duka a lokaci guda. A nan hannunsa ya ɗauki rawa, ana jin hucinsa, maƙalin ya ƙi shiga. Inna ta ce, "Auta, sauko don Allah!" ta manta an ɗauka tun jiya. Shi kuwa ya tsaya, ya yi bisimilla, ya sake gwadawa, ƙarfen ya ce ƙas. Yaron da ko gadar Kennedy muke ƙetarewa ba ya yarda ya leƙa ruwa. Ashe ya girma a can ban sani ba, har yanzu kallon ƙaramin yaro nake masa.