Koya wa Yara Masu Buƙata ta Musamman Yin Tsarki da Kansu

A shekarata ta farko a ajin yara masu buƙata ta musamman, na ɗauka aikina karatu ne da rubutu da ƙidaya, amma kafin zangon farko ya ƙare sai na ga rabin yinina yana tafiya a ƙofar banɗaki. Yawancin ɗalibaina suna faɗa idan bayan gida ya matse su, suna kuma zuwa da ƙafarsu, sai dai daga nan ba sa wucewa. Yaro zai gama, ya ci gaba da zama yana jiran babba ya zo ya yi masa tsarki, mu kuwa mu zo da hanzari, domin abin da za mu gama a minti ɗaya shi sai ya yi minti goma a kansa, ga kuma jiƙa wando. Wannan hanzarin namu ne ya fi komai hana su koyo, kuma na daɗe a cikinsa kafin in farga.

Idona ya buɗe ne ranar da na zauna na rubuta abin da mutum yake yi idan zai yi tsarki. Yana tsugune ba tare da ya dafa komai ba, ya riƙe buta da hannun dama, ya karkata ta daidai yadda ruwa zai sauka inda ake so, ya kai hannun hagu wurin da idonsa ba ya gani, ya wanke, sannan ya gane da kansa cewa wurin ya fita. Mu muna kiran wannan duka da suna ɗaya, amma ga yaron da tsokar jikinsa take sako-sako, ko wanda galahanga, lalurar da ake kira autism a Turance, ta sa ba ya jure danshi a fatarsa, kowanne daga cikinsu darasi ne mai zaman kansa. Tun a 1971 wasu masana biyu a Amurka, Nathan Azrin da Richard Foxx, suka nuna cewa hatta manya masu tsananin raunin fahimta suna iya koyon kula da kansu a banɗaki idan aka gutsuttsura musu aikin, aka kuma yaba musu a kan kowane mataki.

Wanda na fi koyo a kansa wani yaro ne ɗan shekara tara. Duk lokacin da na miƙa masa buta sai ya sake ta, har na fara zaton ƙiwuya ce, alhali butar mai cin lita biyu ce, kuma idan ta cika nauyinta ya kai kilo biyu a hannun da ko fensir da ƙyar yake riƙewa. Na sayo ƙarama, na riƙa zuba ruwa rabi. A cikin aji kuma, nakan soke ɗan ƙyalle a bayan wandonsa in ce ya zaro da hagu, domin hannun ya saba da hanyar, ko in shafa tunkuza a farantin roba in ce ya wanke har ya daina jin maiƙo.

A banɗaki daga matakin ƙarshe muka fara. Ni nake yin komai, sai wankewa ta ƙarshe in ɗora hannuna a kan nasa mu yi tare, ta yadda kullum shi ne mai kammala aikin, shi ne kuma mai samun yabo. Bayan makonni na janye hannuna zuwa wuyan hannunsa, daga nan zuwa gwiwar hannu, sannan ya zama magana kawai nake yi: zuba, wanke, ƙara, sai sabulu. Janye hannun nan ya fi kowane mataki yi mini wuya, domin ido yana ganin kuskure, zuciya tana cewa a karɓa a gyara.

Ina cikin murna mahaifiyarsa ta ce da ni, “Malama, a gida fa ko butar ba ya taɓawa.” Da na je na gani da idona, sai na tarar kuskuren nawa ne. A makaranta yana zaune ne a kan abin zama, a gida kuwa masai ne na rami mai duhu, yana tsoron faɗawa, kuma yayarsa ce take wanke shi da gaggawa don kada su makara Islamiyya. Kafinta ya yi masa ’yar kujera mai huji a tsakiya, aka saya masa buta irin ta makaranta, muka kuma yarda da mutanen gidan cewa kalmomi huɗun nan kaɗai za a riƙa faɗa masa. Tun daga ranar ba na fara koya wa kowane yaro sai na san irin banɗakin gidansu, da kuma yanayin cikinsa, domin mai fama da gudawa ko taurin bayan gida magani yake buƙata tukuna.

’Yan mata ana koya musu wankewa daga gaba zuwa baya, don kada ƙazanta ta kai mafitsara ta jawo ciwo. Akwai wadda ɓarinta na hagu ya shanye, mahaifinta ya ƙi yarda ta yi tsarki da dama saboda hanin da ya zo a hadisi, sai da malamin unguwarsu ya yi masa bayani cewa mai lalura yana da rangwame.

Abin da ya sa ba na ɗaukar darasin nan da wasa shi ne mutuncin yaran. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi a 2012 ya nuna cewa haɗarin cin zarafi ta hanyar lalata ga yara masu nakasa ya kusa ninki uku na sauran yara, kuma yaron da ya saba kowane babba yana buɗe masa jiki ba zai gane ranar da hannun mugu ya taɓa shi ba. Saboda haka mutum ɗaya ne yake shiga da kowane yaro, kuma sai ya nemi izininsa kafin ya taɓa shi.

Yaron nan ya ɗauki kusan zango biyu. Yanzu a bayan ƙofa nake tsayawa ina jin ƙarar ruwa, ya fito ya miƙo mini tafukansa in shinshina sabulu, sannan ya sake cika butarsa ya tsuguna kusa da sauran yara ya yi alwalar azahar.