Gatarin ceto: inda aka kwana a sati na shida

Abokan koyo, barkanmu da zafin maƙera. Na yi alkawarin ba ku labarin ƙaramin gatarin da nake ƙerawa don ajiyewa a mota, saboda ranar da ba a fata: an yi haɗari, ƙofa ta cije, bel ya ƙi kwancewa.

Na farkon dai ya tafi, kuma laifina ne. Da guntun sifirin na tsohuwar mota na ƙera shi, ya fito tsaf har ina yi wa kaina kirari, sai na ɗauko shi jajir na tsunduma a ruwan sanyi. Ƙas! Kafin in ga tsagar na ji ƙararta. Baba, maigidanmu a maƙera, ko kai bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, ƙarfen sifirin ba ya shan ruwa, mai yake sha."

A na biyu na bi a hankali. Na zuga gawayin ƙirya har maganaɗisu ya daina kama ƙarfen, wato zafi ya kai wajen digiri 770, na ƙara masa kaɗan, sannan na tsoma a man gyaɗa mai ɗumi. Na san man gyaɗa ya yi tsada, amma hayaƙin baƙin mai ba abin shaƙa ba ne. Da na goga magagari sai ya riƙa zamewa, alamar ƙarfe ya yi tauri. Daga nan na goge shi, na ɗumama daga tsakiya don in rage masa tauri, ina kallon launin ƙarfen yana sauyawa da zafi. Bakin na bari ya yi ruwan ƙasa don kada ya ɓantare, tsinin baya kuwa na tsayar da shi a launin busasshiyar ciyawa, don shi tauri ake nema.

Ban sa masa ƙotar itace ba. Gatarinmu na gida wutsiyarsa ake cusawa a ƙota, sara yake yi ba laifi, amma da ka ce za ka ɓamɓare ƙofa da shi sai kai ya fita ya bar ka da sanda. Nawa ƙarfe ɗaya ne daga kai har gindi, tsawonsa inci 12, na kuma daddale gindin ya yi faɗi don ya shiga tsakanin ƙofa da jikin mota.

Ranar Asabar na sayo tsohuwar ƙofar mota da gilashin gaba a wajen 'yan gwangwan, na sa tabarau da safar hannu. A nan na sha mamaki. Na sari tsakiyar gilashin ƙofa da bakin gatari, sai ya dawo mini kamar na bugi tayar mota. Na juya tsinin, na ɗan ƙwanƙwasa kusurwar ƙasa, nan take ya zube kamar tsakuwa. Ashe sati biyun da na ɓata ina wasa baki, tsinin ne mai aikin.

Gilashin gaba kuwa wani jan aiki ne. Gilashi biyu ne da leda a tsakani, yana tsattsagewa kamar saƙar gizo amma ba ya zubewa. Sai da na yi ta sara ina haki kafin in buɗe inda kai zai shiga, bakin ma ya dasashe. Wasu sababbin motoci har gilashin ƙofa irin wannan ne, don haka ku duba tambarin da ke kusurwa: Tempered shi ne mai zubewa, Laminated mai leda.

Abin da ya rage: ƙugiyar yanke bel da na fitar a ƙarƙashin kai ba ta yanka a ja ɗaya, sai na ƙara mata kaifi ta ciki. Mariƙin yana santsi idan hannu ya yi gumi, zan naɗe shi da robar tsohon tif. Badukun unguwarmu zai ɗinka kube mai maɗauri, don gatarin da ke but ba ya ceton kowa, wanda aka yar ƙarƙashin kujera kuma yana iya tashi ya sari mai motar idan ta wuntsila. Wanda ya taɓa ƙara kaifi a cikin ƙugiya mai lanƙwasa haka, da wane magagari ya yi?