Kwana Huɗu a Tekun Atlantika

Yau kwana huɗu da jirgin ruwanmu ya bar tashar Southampton ta Ingila, saura dare uku a isa New York. Duk inda ido ya kai, ruwa ne. Daren jiya an sake mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai yinin ya zama awa 25. Tazarar lokaci tsakanin garuruwan biyu awa 5 ce, ana cinye ta ɗaya bayan ɗaya a dare biyar don jiki ya saba a hankali. Wayar hannu ba ta san da wannan ba. Da hannu ake gyara ta a bi agogon jirgi, in ba haka ba mutum ya yi sammakon banza.

Da hantsi na zagaya barandar da ta kewaye jirgin. Katakon ya jiƙe da feshin ruwa, gishiri ya bushe fari fat a kan ƙarfen dafawa, in ka taɓa sai ka ji shi kamar yashi a tafin hannu. Takalmi mai ƙasan roba ake sawa a nan. Iska kuma tana ruɗar baƙo: jirgin na gudun mil 20 na teku a awa, wato kusan kilomita 37, to in iska mai irin wannan ƙarfi ta taso daga gaba, abin da ke dukan fuska ya kai kilomita 74. Shi ya sa ƙofofin waje ke rufowa da ƙarfi, kada a kuskura a bar yatsa a bakinsu.

Bayan sanarwar kyaftin ta tsakar rana igiyar ruwa ta ƙaru, kujeru suka fara zama wayam saboda tashin zuciya ya kori mutane zuwa ɗaki. Wannan ne ke ba ni tausayi, domin tashin zuciyar teku yana da makari. Asalinsa saɓani ne: cikin kunne yana jin motsi, ido kuwa yana kallon bango a tsaye cik, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Wanda ya shige ɗaki ya duƙufa kan waya, ƙara wa kansa yake yi. A fito a sha iska, a kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Fukafukan da ke ƙarƙashin jirgin suna rage tangaɗin dama da hagu, amma ba su hana goshinsa ɗagawa da sauka. Don haka tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne wurin da ya fi natsuwa. Magani kuma tun kafin jiri ya kama ake shan sa, kuma wasu irinsa na sa barci.

Da la'asar na samu kujera a gefen da iska ba ta bugawa, da bargo da littafi. Sanyin iska na ɓoye zafin rana, fata ta ƙone mutum bai sani ba, sai a shafa man kariya ko da akwai gajimare.

Da rana ta faɗi na koma can bayan jirgi. Farar kumfa ta miƙe sambal kamar hanya, ba ka jin komai sai gurnanin inji a tafin ƙafa. Takardar da aka ajiye a ɗaki ta ce yau ma a mayar da agogo baya kafin a kwanta.