Ranar da xz ta hana ni barci

Wallahi har yau in na tuna 29 ga Maris 2024 sai gabana ya faɗi, ranar Juma'a ce cikin azumi, bayan an sha ruwa na buɗe waya na ga ana ta maganar xz, wata ƴar manhajar matse fayil da kusan duk kwamfuta mai aiki da tsarin Linux ke ɗauke da ita. Ashe wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da ita, Lasse Collin, sai da aka sakankance da shi sannan ya cusa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse cikin kwamfutar mutane, a fitowar xz mai lamba 5.6.0 da 5.6.1. Abin mamakin kuma, Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano, bayan ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, na jinkirin kamar rabin sakan. Rabin sakan fa!

Ni kuwa Kali, wani nau'in Linux, ce a laftof ɗina, kuma a satin nan na yi ofdet saboda rawar kai. Na duba, 5.6.0 tsaf. Abokina ya ce koma wa tsohuwar xz ɗin kawai ka huta, na ce a'a, injin da ban yarda da shi ba ban ƙara sa masa kalmar sirri. Na cire intanet, na kwashe takarduna kaɗai a filashi, na goge komai na sa sabuwa, na canza makullan SSH da fasawod ɗin imel daga wata wayar. Ban gama ba sai da aka fara kiran sahur.