Komin lambu mai tudu: bango ba shi ne aikin ba

Masu son yin ɗan lambu a tsakar gida sun fi damuwa da abin da za su kewaye shi da shi, alhali wannan ne mafi arha. Ragowar bulo, tsohon langa-langa da katakon kwalin kaya duk suna yi. Abin da aikin yake koya wa mutum shi ne kuɗi da wahala suna cikin ƙasar da za a zuba.

A fara da bulo mai inci 6, don gara ba ta cin sa. Tsawonsa santimita 45 ne, tsayinsa 22 da rabi. A jera huɗu-huɗu ta tsawo, biyu-biyu ta faɗi, layi ɗaya ya ci 12 ke nan. Layi biyu, bulo 24, zurfin ya kai santimita 45, wanda ya ishi tumatir, tattasai da karas. Alayyafo da latas layi ɗaya ma ya wadatar. Ba a buƙatar siminti, sai dai a sassaɓa layin sama kan na ƙasa, a cika ramukan bulon da ƙasa don kada ya goce. Faɗin kada ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ciki ba.

Langa-langa yana da matsala uku. Ƙasa in ta jiƙe takan tura shi ya yi ciki, don haka a kafa turaku ta waje duk bayan santimita 60. Sannan a watan Maris da Afrilu yana ɗaukar zafi har ya ƙona saiwar da ke gefe, sai a jingina kwali ta ciki. Bakinsa kuwa yanka yake yi. A tsaga tsohon tiyo a lulluɓe shi, musamman gidan da ke da yara. Katakon kwalin kaya, a duba tambarinsa: mai HT da zafi aka gasa shi, ana iya amfani da shi, mai MB kuwa guba aka sa masa, a bar shi. Baƙin man inji da ake shafa wa katako saboda gara bai dace da wurin da za a shuka abin miya ba.

Wancan komin na bulo 24 yana cin ƙasa kusan lita 600, wajen baro goma. A haɗa kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, kashi ɗaya na yashi ko buntun shinkafa idan ƙasar laka ce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, sai ya kwana wata biyu zuwa uku a tsibi ana juya shi. Ɗanyen garin katako kuma yana janye sinadarin naitrojin yayin da yake ruɓewa, ganye ya koma rawaya mutum ya ɗauka cuta ce. Ƙasar bola tana da kyan gani, baƙa wuluk, amma akwai kwalba da ruɓaɓɓen batir a ciki.

Kafin a zuba, a tone jiji da kiri-kiri har saiwa. Kwalin da ake shimfiɗawa a ƙasa ba ya hana jiji fasowa. Idan kan daɓen siminti ne, a bar 'yar ƙofa tsakanin bulon ƙasa, a zuba tsakuwa a bakinta, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. A cika maƙil, a ba shi ruwa sosai, a jira mako guda, domin ƙasar za ta zauna a ƙara wata.

Komi mai tudu ya fi amfani da damina da kuma gidan da ruwa ke kwanciya. Da rani saurin bushewa yake yi, shi ya sa 'yan fadama ke yin nasu a kwari. A rufe samansa da busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku, a yi ban ruwa safe da yamma, a kuma kewaye shi da tsohon gidan sauro saboda kaji.