Talata, bayan na taso daga lab

Yau tun da safe injin ƙirga ƙwayoyin jini ya fara mana gardama, kwantirol, wato samfurin da muke gwada injin da shi, bai fita daidai ba sai da muka wanke shi muka sake gwadawa, kafin nan kwalaben jini sun taru har benci ya cika. Awar da aka ware min don kundin ƙwarewata na IBMS (ƙungiyar ƙwararrun ma'aikatan lab irinmu) nan ta tafi kamar yadda ta saba. Abin nan yana ci min rai wallahi, a takarda akwai lokacin horo amma duk ranar da hannu ya yi kaɗan shi ake fara yankewa.

Da rana sai shugabar sashenmu ta kira ni wajen madubin nan mai wurin leƙawa biyu, ta ɗora gilashin jinin wani mara lafiya. Fararen ƙwayoyi ne manya manya, cibiyarsu ta kusa cinye jikin ƙwayar gaba ɗaya, ga faletilet ɗin, wato ƙwayoyin da ke taimakawa jini ya daskare, sai ka yi ta nema kafin ka ga ɗaya. Na ce mata waɗannan ƙwayoyin ba su balaga ba, akwai matsala babba. Ta ce daidai, to me za ki ce wa likita in ya bugo yanzu, wane gwaji za a yi gaba, kuma yau ko gobe? Nan fa na ga inda aikina na yanzu ya tsaya da inda nake son kaiwa.

Shi ne ta zauna ta warware min hanyoyin da ake bi a nan Ingila don zama masanin kimiyyar asibiti. Akwai STP, shirin horar da masana kimiyya, shekara 3 ne, kana aiki a NHS, wato asibitocin gwamnati, ana biyanka albashin mataki na 6 kuma kana yin mastas a jami'a, in ka gama sai ka yi rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, a matsayin masanin kimiyyar asibiti. Suna son digiri mai 2:1 (daraja ta biyu ta sama), ko 2:2 (ta biyu ta ƙasa) in kana da mastas, yawanci a Janairu ake buɗe nema a fara a Satumba, kuma gasar ba wasa ba ce. Wanda ya daɗe yana aikin yana iya tattara shaidar abin da ya iya ya kai wa AHCS, cibiyar da ke tantance masana kimiyyar lafiya, su auna ko ya yi daidai da wanda ya yi STP. Can sama kuma HSST, horon manyan ƙwararru, shekara 5 a matakin dokta, da jarabawar FRCPath ta kwalejin masu binciken cututtuka ga irinmu na ɓangaren jini, ita ke kai mutum kujerar kwansaltan.

Abin da ban taɓa sani ba, asibitinka ma zai iya tura ka STP kana ma'aikacinsu, amma sai sashe ya yarda kuma an samu wanda zai kula da horonka. Gaskiya duk hanyoyin nan a wuri ɗaya suke haɗuwa, sai an samu babba mai lokacin zama da kai yana sa hannu a abin da ka iya, ga shi su ma aiki ya sha musu kai.

Ta ce in gama kundin IBMS tukuna, kuma in rubuto mata a imel ina neman a sa awar horona cikin jadawalin aiki, ta yadda ba mai taɓa ta. Na rubuta rabi a bas, gobe in sha Allah kafin in sa farar riga zan tura.